Mama a Cikin Kududdufi

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama kuna lafiya.

Maƙwabcinku mai gyaran famfo ya turo mini hoton Mama cikin kududdufin bayan jami'a, ruwa har gwiwa, ga raga a hannu. Da ta ce za ta koma karatun ilimin muhalli bayan ritaya, na ɗauka aji ne da allo. Ilimin muhallin ke nan, da wannan ciwon gwiwar nata? Ki lallashe ta ta haƙura, ta dawo gidana ta huta cikin jikokinta.

Yayanki.

*

Yaya,

Muna gaishe ka da iyali. Na ba ta saƙonka, ta yi dariya ta ci gaba da wanke kwalabenta.

Ni ma a da kunya nake ji, har ranar da na raka ta. Ka san sauro ya addabe mu tun da aka buɗe wurin wankin mota a bakin kududdufin. Abin da take bincike shi ne ko ruwan sabulun ne ya kashe ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari masu cin tsutsar sauro.

Watan jiya wuta ta ɗauke, duk abin da ta tara a firjin ɗakin gwaji ya ruɓe. Malaminta ya ce ta ɗage zuwa baɗi. Ta ce masa mai shekarunta ba ya wasa da baɗi. Washegari ta koma ruwa, 'yan ajinsu da ke kiranta Kaka suka naɗe wanduna suka bi ta.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Na ga saƙo, na gode. Taurin kan nan na san shi, da shi ta raine mu. Amma me take nema a digiri yanzu?

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambaye ta. Ta ce shekarar da ta fara samun gurbin karatu a jami'a ita ce shekarar da aka haife ka, ba ka da lafiya, ta zauna jinya. Ta ce ba ta taɓa nadama ba, kawai yanzu ne ta samu sarari.

Jiya ta kai wa mai wankin mota kwalabe biyu na ruwan kududdufin, wanda ta ɗebo nesa da wurinsa na motsi da rai, na kusa da wurinsa shiru. Ba ta yi masa faɗa ba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mama, nuna mini inda zan haƙa ramin zubar da ruwan." Da ka ga yadda ma'aikatansa suka kewaye ta suna sauraronta.

Ƙanwarka.

*

Babana,

Allah ya yi maka albarka. Ranar Alhamis zan kare bincikena gaban malamai. Ka zo, ka taho da babbar 'yarka.

Malamina ya ce in zarce digiri na biyu, na kuma amsa. Auta ta ce in bari sai ka iso in faɗa maka. Ni kuwa na ga gara ka gama fushinka a hanya.

Mahaifiyarka.