Na Kashe Wa Kwalaben Maigidana Sanyi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, masu zagi kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku kawai suka rage min.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata shida ina aiki a gidan wani attajiri a nan Jidda, shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, iƙamata (takardar zama) da fasfona duk suna hannunsa. Shara, wankin mota, ban ruwan fulawa, buɗe get, duk ni ne. Na yi wata biyar a gidan kafin ya nuna min wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, ba taga, AC na aiki a ciki ba dare ba rana. Giya ce a ciki. Yadda aka yi take shigowa ƙasar nan ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wata ja ce mai duhu daga ƙasar Fotugal, wai fot ake ce mata, shekarar da ke rubuce jikin wasu kwalaben ta girme ni. Ya ce a kwance za su zauna, don ruwan ya riƙa jiƙa toshiyar bakin, kada in girgiza, kada in goge ƙurar, kada sanyin ya yanke ko na awa ɗaya. Ban taɓa ganin ya lallaɓa 'ya'yansa yadda yake lallaɓa kwalaben nan ba.

Na san haram ce, kar wani ya tuna min. Na yi ta cewa da kaina ai ba sha nake ba, ɗauko wa kawai nake. Ran Alhamis abokansa biyu sukan zo cin abincin rana, in ɗauko ɗaya, ya tace ta da farin ƙyalle saboda lakar da ke kwanciya a ƙasa, su yi ta shinshina kofi suna jujjuyawa, wannan ya ce zabibi yake ji, wancan ya ce goro ne ko mene ne. Ni dai warin tsami kawai nake ji.

A zafin da ya wuce ya tafi Turai da iyalinsa sati bakwai. Kun san zafin Jidda, ga gumi, ɗakina kuma fanka ce mai kuka, sau uku ina roƙon ya sa min AC yana cewa bukra, wato gobe. Wata rana na shiga duba kwalaben, sanyi ya buge ni, sai zuciya ta ɗebe ni. Ni ɗan Adam mai sallah ina dahuwa, haram tana shan iska. Na kashe AC ɗin, na tsayar da kwalaben tsaye a gefe na wanke ɗakin, na bar su haka. Sai ana jibi zai dawo na kunna na mayar da su kwance. Wallahi ban san zafi na ɓata ta ba, na ɗauka gata ne kawai irin na masu kuɗi.

Ta farko da aka buɗe bayan dawowarsa lafiya lau, har yabo ta sha. Ta biyu, kwali ɗaya, shekara ɗaya, ya kurɓa ya tofar. Abokinsa ya ce dama haka take, kwalba da kwalba ba sa zuwa ɗaya, wani sa'in toshiyar ce ke cin amana. Maigidan ya daɗe yana kallona. Alhamis ɗin da ta wuce aka buɗe ta uku, ta fito kamar ruwan tsami. Baƙi na fita ya kira ni kicin, ya ce ni ke sha ina ƙara ruwa, ko ina sayarwa ina zuba wata. Na rantse masa da Allah ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Ya kwaɗa min mari, ya sa bel, kan ƙarfen ya fasa min gira. Na faɗi, ya danne ƙirjina da gwiwa, ya matse min hanci ya ɗura min giyar, wai in ɗanɗana in gaya masa me na zuba. Ta shiga cikina, jama'a. Shekara arba'in da ɗaya ina kiyaye bakina, wannan mutumin ya ɗura min kamar akuyar da ake ba magani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Ban san lokacin da na ture shi ba, kwalbar ta faɗi ta fashe, sai ganin wuyanta na yi a hannuna, tsinin yana kan maƙogwaronsa, har ya ɗan huda jini ya fito. Kuma ba tsoratarwa nake ba, niyyata in tura. Kukun gidan, wani dattijo ɗan Sudan, shi ya riƙe min hannu ta baya yana kiran sunan Allah, har gilashin ya yanke shi. Na fita ba takalmi, na tari mota zuwa Bab Makka wurin yayana mai sayar da atamfa, a can aka ɗinke min girar.

Yaya ya ce in kai ƙara wurin 'yan sanda, ga rauni a fuskata. Na ce in ce musu me? Shekara shida ni ke ɗauko kwalaben, ni ke da makullin ɗakin, shi ma ga rauni a wuyansa, kuma kun san maganar wa za a fi ji. Yaya ya ce to in miƙa kaina a mayar da ni gida. Yara huɗu gare ni a can da tsohuwa, duk wannan aikin suke kallo.

Jiya maigidan ya aiko kuku da saƙo. Wai ya buɗe wata ta yi daɗi, ya yarda ƙila kwalaben ne suka bambanta, halas, shi ke nan, in dawo aiki kafin Juma'a maganar ta mutu. In ban dawo ba zai rubuta wa hukuma cewa na gudu, ya ƙara da sata da yunƙurin kisa. Ko sannu babu a saƙon. Har yanzu bai san zancen AC ba, ko Yaya ban gaya wa ba, ku ne na farko.

Ga inda na tsaya. Abin da ya dake ni a kai ban yi ba, amma ni na ɓata su. In na faɗa masa gaskiya, na ga abin da ya yi a kan zato kawai. In na yi shiru na koma, saura kwalba talatin da ɗaya a ɗakin nan, duk sun sha zafin sati bakwai, ba mai sanin wacce ta tsira sai an buɗe. Kowace Alhamis ni zan ɗauko da hannuna in tsaya ina kallon bakinsa. Malamai kuma ku faɗa min matsayin wadda aka ɗura min, don na yi wanka na yi istigfari amma har yau ina jin ta a maƙoshina.

In koma, in kai ƙara, ko in haƙura a mayar da ni gida hannu wofi? Ku faɗa min gaskiya ko da zafi. Dukansa zan iya ɗauka, na ɗauki wanda ya fi shi. Amma na san kaina yanzu, in ya sake ɗaga min hannu ɗayanmu ba zai fita daga kicin ɗin nan da ƙafarsa ba.