Rasuwar Baffa na Uku da Kaburburan Gangaren Shek Kai

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Jikokin Mahaƙa Zinariya ta Shek Kai, a yankin Otago, ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya kuma babban amintaccenta, Mai Girma Dattijo Szeto Wing-Fai, wanda babba da yaro ke kira Baffa na Uku, ranar Talata da hantsi, yana da shekara tamanin da tara.

Shekara hamsin da ɗaya marigayin ya yi yana kula da kufan da kakanninmu suka bari bayan sun baro Kanton neman zinariya: ɗakunan dutse tara, kangon shagon shayi, da gangaren da aka binne waɗanda ba a samu halin mayar da ƙasusuwansu gida ba. Da hannunsa ya sake jera duwatsun ɗakunan nan, ba tare da ko godiyar kirki ba. Kowace shekara, ranar sharar kaburbura, shi ke shiga gaba da butar shayi da dafaffiyar kaza, yana durƙusawa yana kiran kowane mamaci da sunansa da na ƙauyensu.

Ba za mu rufe wa jama'a komai ba. Kaburbura goma sha bakwai a gangaren ba su da alama, domin da ɓarayi suka tone biyu suna laluben zinariya a jikin matattu, marigayin ya ciccire allunan sunayen da ke kansu ya ƙone, ya riƙe wuraren a ƙwaƙwalwarsa. Taswira kuwa ya ƙi ta ƙememe. In an matsa masa sai ya ce takarda ba ta da kunya, kowa ya ɗauke ta za ta yi masa jagora. Sai bara ya sauko, ya ce mu zo ya nuna mana. Mu kuma, da muƙamanmu da tarurrukanmu, muka yi ta yau da gobe, wai sai sanyi ya wuce. Wannan sakaci namu ne, kuma wallahi kunyarsa ta ishe mu.

Ranar ashirin ga watan gobe hukuma za ta zauna kan buƙatar wani kamfani ta fasa hanyar manyan motoci ta gangaren, an kuma faɗa mana ƙarara cewa duk inda ba a nuna kabari ba, fili ne kawai.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga matarsa, Uwargida Loo Suk-Yin, da 'ya'ya da jikoki, tare da addu'ar samun juriyar wannan babban rashi, shi kuma kakanni su tarbe shi da hannu biyu.

Roƙonmu ɗaya ne: duk wanda ya taɓa bin bayan Baffa ranar shara, ko da sau ɗaya ne, ya hawo gangaren ranar Asabar bayan jana'iza, ya tsaya daidai inda ya ga ya durƙusa. Mu shida na kwamiti mun gwada jiya, tun safe har la'asar. Kabari huɗu kaɗai muka samu.

Sa hannu:
Dakta Auyeung Lai-Kuen
Kakakin Ƙungiya