Jan Zare a Wuyan Gauraka

Yendi, Laraba 29 ga Nuwamba

Zuwa ga Mma Safura, Salaga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ya kasuwar doya, ya ciwon gwiwa? Ni ina lafiya, aikin hidimar ƙasa yana tafiya.

Mma, na rubuto ne don idan na kira ki a waya kuka zan yi, maganar ta ruɗe.

Kin tuna rigunan batakari arba'in da biyu da Ƙungiyar Ɗaliban Zango ta ɗinka don bikin kammala karatunmu na ranar 18 ga wata, waɗanda kika ɗauko mana daga wurin Kawu Issahaku a Bawku? Shekaranjiya Litinin ofishin da ke kula da tambarin jami'a ya aiko wa ƙungiya takarda. Fadlullah, sabon shugabanmu, ya turo mini hotonta.

Ga yadda abin yake. Tambarin jami'a gauraka ce tsaye bisa buɗaɗɗen littafi. Ba a yarda kowace ƙungiya ta sa shi a riga ko hula ba sai da izini a rubuce. Na nemi izinin tun watan Agusta a matsayina na sakatariya, aka ba mu, na sa hannu. Sashe na bakwai na dokar ya ce kada a ƙara komai a tambarin, kada a rage, kada a sauya launi. To, a kowace riga Kawu ya ja siririn jan zare ya ratsa wuyan gaurakar.

Wani ya ɗauki hoto ya baza a waya, ya rubuta cewa 'yan Zango sun yanka tsuntsuwar jami'a. Ofishin ya ɗauke shi a matsayin izgili. Sun ba mu kwana ashirin da ɗaya, wato zuwa Litinin 18 ga Disamba, mu kawo rigunan duka arba'in da biyu a gyare, ko a soke rajistar ƙungiya. Idan aka soke, za a karɓe ɗakinmu. Kin san ɗakin, nan na kwana ranar da na fara sauka, ban san kowa ba, ban sami masauki ba. A watan Janairu sababbin ɗalibai za su sauka a tasha, ba mai tarbarsu.

Ba zan ɓoye miki ba, na ga jan zaren da safiyar bikin, na yi shiru don kowa ya riga ya saka.

Ban san yadda zan gaya wa Kawu ba. Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ki gai da mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Mudassira

Salaga, Alhamis

Mudassira,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan da halinta, doya ta yi kyau bana.

Na karanta takardarki sau biyu. Na farko na yi dariya har Awudu direbana ya leƙo ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Ina lafiya, Yaya Issahaku ya yanka tsuntsun gwamnati ba bisimilla!" Na biyu ban yi dariya ba.

Ke mai digiri, kin san sashe na bakwai, amma kin manta rumfar kawunki. A nan kika yi rarrafe. Kin taɓa ganin ya yi surfanin abu mai rai? Shekara arba'in yana kan keken ɗinkin nan, ko ƙadangare bai taɓa fitarwa ba. Wani ɗan siyasa ya kawo masa aikin riguna ɗari da hoton dabba, ya ce ya kai gaba.

Ya hana ni faɗa miki, amma yau zan faɗa. Da takardarki ta isa da hoton tsuntsun nan, kwana uku bai taɓa aikin ba. Ya ce mini, "Safura, 'yar marigayiya Azara ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan." Ya tafi har Pusiga wurin malaminsa. Malamin ya ce idan an raba kai da gangar jiki, an fita daga hukuncin sura, wato hoton abu mai rai. Jan zaren ke nan. Ba izgili ba ne, tsoron Allah ne da son ki.

Yanzu ga dabara. Direbobina suna zuwa Karaga da Chereponi da Bawku ko da ba don ke ba. Ki turo sunaye da lambobi, su tattaro rigunan. Ni da matan rumfarmu mu zauna da reza mu zare jan zaren, wuya ya haɗe, shi ke nan. Kawunki ba sai ya ji ba.

Ki ci abinci, na san ki, da damuwa ta zo sai ki koma shan koko kawai.

Uwarki,
Safura

Yendi, Lahadi 3 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Issahaku, Bawku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba. Allah ya ƙara lafiya, ya zaunar da garinku lafiya.

Na haɗo da kwafin takardar jami'a, na fassara ta da Hausa a baya, layi bayan layi. Abin da ya kamata in yi tun watan Agusta ke nan. Wancan karon na aiko maka da dokar da Turanci, shafi shida, alhali na san ba ka karanta shi. Laifin nawa ne, ba naka ba. Laifi na biyu ya fi wannan girma: na roƙe ka abin da ya kamata in san yana da nauyi a zuciyarka. Mma ta gaya mini zuwanka Pusiga. Kada ka yi mata faɗa. Na gode, Kawu. Ban san irin godiyar da za ta isa ba.

Mma ta ce a zare jan zaren a ɓoye. Na ce mata a'a. Idan aka zare, sura ta cika, kuma aikin hannunka ne zai ci gaba da yawo a jikin mutane a yadda ka guje masa. Ba zan yi maka haka a bayan idonka ba.

Na sake karanta dokar sau uku. Sashe na goma sha ɗaya ya ce ƙungiya tana iya yin nata tambarin, ta rubuta sunan jami'a a ƙasa da haruffa zalla, muddin ofishin ya ga zanen ya amince kafin a ɗinka. Na kira Madam ɗin da ke kula da ofishin ranar Juma'a da ƙarfe goma da kwata, na yi mata bayanin malamin Pusiga. Ta ce ba ta taɓa jin haka ba, kuma ta janye kalmar izgili. Amma ta ce wa'adi yana nan, adadi yana nan: arba'in da biyu, yadda aka rubuta a takardar izini.

Ma'ana a warware gaurakar duka, a sa wani abu. Saura kwana goma sha biyar. Na san aiki ne mai cin ido. Idan ba zai yiwu ba, ka faɗa mini, zan nemi wani a Tamale, ba zan ji komai ba.

Ka yafe mini.

'Yar ƙanwarka,
Mudassira

Bawku, Laraba

Da sunan Allah. Zuwa ga 'yata Mudassira.

Aminci ya tabbata a gare ki. Takarda ta iso hannun Awudu, tare da riguna goma sha tara.

Kin ce in yafe. Me kika yi? Mai tambari ya ce kada a taɓa masa tambari, gaskiyarsa ce. Ni ma ina da alamar da nake sawa a cikin wuyan kowace riga, ɗigo uku. Wata shekara wani ya kwaikwaye ta a kan aiki mara kyau, na yi sati ban ji daɗin tuwo ba. Da an karanta mini dokarsu, da na ce miki ba zan iya ba tun farko, mu nemi wata hanya. Launin ja kuwa ba wata manufa, shi ne a kan keke lokacin, na gama bakin aljihu da shi.

Wani a Tamale? Kada in sake ji. Wanda ya ɗaure shi ya san bakin kwancewa.

Game da sabon tambari, ga zane na haɗo. Goro ne, an ɓare shi biyu, a kan ganyensa. Kakanninki fataucin goro ya kai su Salaga, kuma da shi ake tarbar baƙo. Kin ce aikin ƙungiyarku tarbar baƙi a tasha. To, ban ga abin da ya fi shi ba. Goro kuma ba shi da wuyan da za a yanka.

Ki tura wa Madam ta gani. Kafin amsa ta zo, ni da Sa'id maƙwabcin rumfata mun fara warwara. Warwara ta fi ɗinki wuya, kowace tsuntsuwa sa'a biyu take ci in ba a so a yaga saƙar. Amma ban taɓa warware aiki da farin ciki irin wannan ba.

Ki ce wa Safura na ji shirin rezarta. Tun tana yarinya haka take, ta fasa ƙwarya ta kife ta.

Allah ya yi miki albarka.

Issahaku

Yendi, Litinin 11 ga Disamba

Mma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina godiya da hidimar motoci. Ki gode mini wa Awudu, an ce har gona ya bi wani a Karaga ya karɓo riga.

Madam ta amince da goro ranar Alhamis, a rubuce, na adana kwafi biyu. Kawu ya gama ashirin da takwas.

Amma akwai matsala. Na lissafa sau huɗu. Salaga goma sha ɗaya, Yendi tara, Bawku da Pusiga goma sha biyu, Karaga biyar, Chereponi uku, sai ta malamin da ke kula da ƙungiya ɗaya. Arba'in da ɗaya ke nan. Ta arba'in da biyu ita ce rarar da muka ɗinka don ratayewa a ɗakin ƙungiya. Fadlullah ya ce bai taɓa ganinta ba. Na kira mutum arba'in, ba wanda ya karɓi biyu. Na tambayi Madam ko za a karɓi arba'in da ɗaya da takardar rantsuwa, ta ce a'a, don wadda ta ɓata tana iya fitowa a hoto gobe.

Mma, ke kika buɗe buhun ran nan. Don Allah ki yi tunani, ko an bar ta a mota.

'Yarki,
Mudassira

Salaga, Talata

Mudassira,

Wa alaikumus salam. Daina kiran mutane. Tana ƙarƙashin akwatina.

Ni na ɗauke ta tun a tasha, kafin in kawo muku buhun. Na ce arba'in da biyu, wa zai ƙirga? Na manta irin 'yar da na yi rainonta.

Kada ki tambaye ni dalili da yawa. Yayana bai taɓa ɗinka tsuntsu ba, ba zai sake ba, kuma saboda 'yar Azara ya yi. Na so in ajiye guda, ran da kika yi 'ya'ya in nuna musu. Kwana goma sha biyu ina jin ki kina fama, ina cewa za ki gaji da lissafi. Allah ya yafe mini.

Na tuna daren da kika kira ni daga ɗakin nan kika ce, "Mma, na sami wurin kwana." To, ɗakin ya fi akwatina. Awudu zai wuce da ita Bawku gobe da asuba.

Kada ki gaya wa kawunki. Ko da yake na san za ki gaya masa.

Uwarki mai laifi,
Safura

Yendi, Talata 19 ga Disamba

Mma,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi.

Jiya da ƙarfe goma sha ɗaya saura minti biyar ni da Fadlullah muka shiga ofishin. Madam ta ƙirga da hannunta, arba'in da biyu, ta juya kowace ɗaya ciki da waje. Ta buga hatimi. Rajista tana nan, ɗaki yana nan. Fadlullah ya riga ya rubuta sunayen masu zuwa tasha a Janairu. Da za mu fita ta tambaya ko wa ya yi goron, na rubuta mata sunan Kawu cikakke.

Na gode, Mma. Na gode da motoci, na gode da akwati.

Da na je Bawku karɓo rigunan, ban gaya wa Kawu ba. Ya ce da ya buɗe rigar ƙanshin turarenki ya ji. Ya ba ni wannan ƙullin in aiko miki. Zaren da ya warware daga rigarki ne, fari da ruwan ɗorawa da ɗan ja, ya naɗe shi a tsinke, bai bari ko sili ɗaya ya faɗi ba. Ya ce in rubuta miki daidai yadda ya faɗa: "Ga gaurakarki, Safura. Yanzu ki ajiye ta, ba ruwan jami'a, ba ruwan malam."

'Yarki,
Mudassira