Ɗamarar Jirgin Bature

Yaya Mamman, gaisuwa mai yawa daga Zangon Kumasi. Ya jikin Inna, ya iyali?

Baturen da nake wa aiki ya ƙera jirgin sama da gora da zane, ba inji, sai iska. Jiya ya aike ni sayo waya da ɗamarar fata. Baduku ya ce, "Ilu, ta doki ko ta jaki?" Na ɗauki ɗaya, na gwada a ƙuguna. Ramar da na yi a garin nan ta ja mini, ni za a fara ɗaurewa cikin jirgin, don ba ni da nauyi. Ba mugu ba ne, amma in na ƙi, me yarana za su ci?

Na zaɓi mai kauri. A taya ni addu'a. Gai da kowa, kada Inna ta ji.

Ƙaninka, Ilu