Har Yanzu Ana Kiran Sunanka Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Nahantsi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo min za ka yi ka ce in karanta maka da bakina, wai rubutuna sai ka ce kaji sun yi tono. To yau babu mai miƙo min. Ina zaune a ɗakin kati na asibiti, rana ta take, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, shi ya sa na samu sararin yi maka magana.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Inna ta yarda ta baro Kurawa, tana wurina a Isa tun da 'yan bindiga suka sake shiga ƙauyen da ke gabas da mu. Ba ta son garin ko kaɗan, ta ce ko ruwansu ba ya kashe ƙishi. Matarka Ramatu ta gama takaba, ta koma gidansu a Unguwar Lalle da yara, kuma ƙaramar ta fara tafiya. Gero ya yi kyau bana, sai dai na kusa da gari kawai aka iya yankewa. Babur ɗinka yana hannun ɗan Kawu, shi ke kai kaya Burkusuma yanzu. Har yau bai gyara salansar ba. In ya zo gaishe mu, da ta ji ƙararsa tun daga bakin titi Inna take ajiye abin da ke hannunta ta zuba wa ƙofa ido.

Kai dai ba ka taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. Malama mai lamba, haka kake kira na. Ka ce 'ya'yan mutane sun je makaranta sun fito nas da likita, ni na fito mai ba cuta lamba kamar babur. Ai kuwa gaskiyarka. Kowace cuta a duniya tana da tata, harafi ɗaya da 'yan lambobi. Likita ya duba mutum ya rubuta abin da ya gani, ni kuma in mayar da shi lamba in shigar a kwamfuta. Amma akwai doka guda da aka hore mu a kanta: ba a sa wa mutum lambar cutar da ake zato. Sai an tabbatar. Kafin nan, abin da ido ya gani kawai ake sawa.

Shi ya sa ranar da na ja ka zuwa asibitin nan, kana ta mita wai na hana ka cin kasuwar Sabon Birni, abin da na sa maka shi ne R31. Fitsarin jini ke nan, ba ƙari. Likita ya riga ya faɗa min abin da yake tsoro, na kuma gani a fuskarsa. Amma tsoro ba shi da lamba. Wallahi na ji daɗin dokar nan a ranar, har na ji kamar ta kare ka.

Ka tuna tafkin marke na bayan garinmu? Ka tuna yadda kuke kwasa da gudu bayan an tashi daga gona, ku faɗa ciki da wandunanku? Duk wanda fitsarinsa ya yi ja sai a yi masa shewa, wai ya zama namiji. Kai har da bugun ƙirji, ka zo ka tsaya a tsakar gida kana sanar da mu, Baba yana dariya. Tsargiya ce, kowa ya san sunanta, ba wanda ya ɗauke ta cuta. Sai da na fara aikin nan na ji cewa daga 'yan katantanwar bakin ruwa ake ɗaukar ta, kuma in ta daɗe a jiki ba magani, takan ci mafitsara a hankali, shekara da shekaru, har wata rana ta zama ciwon daji. Mu muna ganin ta tafi, ashe zama ta yi.

Ka je Sakkwato sau ɗaya, bayan ka yi ta ɗagawa saboda hanya. Ban ga laifinka ba, wa ke son hawa hanyar nan in ba dole ba? Suka yanki ɗan nama don gwaji, suka ce ka koma gida ka jira. Ka jira har ka gaji. Sakamakon bai iso ba sai bayan mun share makoki. Ciwon daji na mafitsara. Na kai wa Inna labari, ta dube ni ta ce, "Mi za a yi da sunan cuta bayan mai ita ya tahi?" Ita har gobe zaman babur ne ya ƙona maka ciki.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lambarka ta gaskiya C67 ce. Bayanta akwai ɗigo, sai lamba ɗaya da ke nuna ɓangaren mafitsarar da ciwon ya kama, in ba a bayyana ba a sa tara. Likita ya sa hannu tuni. Abin da ya rage shi ne in goge ta farko in sa wannan, in danna wurin da ke cewa ka rasu. Aikin da bai kai shan kofin ruwa ba. Yaya, ban yi ba.

Ka san dalili? Duk ranar Litinin kwamfuta tana fitar da sunayen waɗanda ya kamata su dawo ganin likita. Baba Maidamma, dattijon nan mai kiran kati, shi ke tsayawa a baranda ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa mutanenmu a gida suke mutuwa, a yi musu sutura kafin la'asar, ba mai tahowa asibiti ya ce a rufe kati. Saboda haka a wurin kwamfuta suna nan da ransu, fitsarin jini kawai ke damun su, an ce su dawo ba su dawo ba. Kai ma kana cikinsu. Duk Litinin sai na ji an ɗaga murya an ce Nahantsi Garba Kurawa, sai a yi shiru a ba ka lokaci ka taso. Wannan ɗan shirun nake jira duk mako. A duk faɗin duniya nan ne kaɗai ake sa ran za ka amsa.

Amma ba kai kaɗai ba ne, kuma wannan ne ya fara ba ni tsoro. Da na saba kasa kunne, sai na fara gane sauran. Bawa na gidan maƙera, wanda ya koya maka iyo. Sale mai kilishi, wanda kuka yi faɗa a kan fatsa har ya fasa maka leɓe. Na je gaisuwar rasuwarsu duka biyun. Yanzu ana kiran ku a jere, kusan yadda kuke jeruwa a bakin tafki kafin ku yi tsalle. Baranda cike da mutane, rana tsaka, mai ƙosai na suya a bakin ƙofa, ni kuwa sanyi nake ji har cikin ƙashi. Wa ya tara ku haka? Wa kuke jira ya cika layin?

Litinin ɗin da ta wuce aka kira ka, sai aka amsa. Na'am ɗaya, can ƙasa-ƙasa, irin wadda kake yi wa Inna in ta tashe ka daga barcin rana. Na yi a'uzubillahi. Na san matacce ba ya dawowa, ba sai malami ya faɗa min ba. Na leƙa ta taga, ba wanda ya motsa daga benci. Baba Maidamma ya tsaya da katinka a hannu ya fi yadda ya saba tsayawa, sannan ya mayar da shi ƙasan sauran. Da aka tashi na same shi yana alwala. Bai bari na gama tambaya ba, bai kuma ɗago kai ba, ya ce, "Ɗiyata, ni ma na jiya. Daga tagarki ta hito, amma ba muryarki ba ta." Ni kaɗai ce a ɗakin nan, Yaya.

Ranar da yamma na zaga bayi, na ga ja.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da kuke iyo, mu muna gefe muna wanki, ruwa har gwiwa, wani lokaci har ƙugu in zane ya kuɓuce. Ni ma na ga jan nan ina yarinya. Amma ku shewa ake yi muku, ni wa za ni nuna wa? Kunya ta hana ni, na yi ta zuba ƙasa a kai har ya daina don kansa. Na manta da shi, ko in ce na ajiye shi inda ba na dubawa. Duk watannin da nake wanke maka kwanon fitsari ina yi maka faɗan ka yi sakaci, ban taɓa cewa ruwa ɗaya muka shiga ba.

Ina jin tsoro, ba za ni ɓoye maka ba. Ina tsoron hanyar Sakkwato, ina tsoron abin da za su yanka su gani, na fi tsoron fuskar Inna in ta ji. Na san lambobin nan kamar sunayen 'yan gidanmu, na san wadda ke bin wadda. Na kuma san hanya mai sauƙi: in yi shiru, in sake zuba ƙasa, in zauna a R31 kamar su Bawa har a gaji da kira. Likita ya ce ba kowane ja ne ciwon daji ba, kuma wanda aka kama da wuri ana samun sa'a. Haka ya faɗa maka kai ma, ka ce sai bayan kaka.

Ni ba za ni jira kaka ba. Jiya na ga likita, na buɗe wa kaina kati, na sa R31 da hannuna. In an dawo da wuta yau, za ni buɗe naka in sa maka C67 da ɗigo da tara, in danna wurin nan da na daɗe ina kauce wa. Za ni bi sawun su Bawa da Sale su ma in sa a rufe nasu, su huta da kira. Ka yafe min da na tsare ka a baranda duk wannan lokaci. Kewarka ce ta yi min yawa.

Saboda haka Litinin mai zuwa ba za ka ji sunanka ba. Nawa za a kira, a ba ni takardar tafiya Sakkwato. Abu ɗaya nake roƙon ka, don girman Allah da nonon da muka sha: in Baba Maidamma ya ce Lubabatu Garba Kurawa, ka yi shiru. Kada ka taya ni. Ka bar ni in amsa da muryata.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Sai mun zo, amma ba yanzu ba in Allah ya yarda.

Ƙanwarka,
Luba, Malama mai lamba