Sunayen Baƙin Unguwarmu

Al Asmakh, Doha
9 ga Maris, 2007

Zuwa ga ɗana Nababa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Raliya da yara. Yaya ƙafar Kawunka Dikko? Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na koya, kuma ban so wani ya ji wannan maganar.

Ni lafiya lau. Uwar ɗakina ba ta da faɗa, abinci sai na ture.

'Yar'uwarka Indo ta ce kun daina gaisawa da Kawunka. Wai manyan jam'iyyarku sun sa ka rubuta sunayen baƙin da ba su da takarda, a miƙa wa hukuma kafin zaɓe. Shi ya ce ba haka iyayenmu suka riƙe baƙo ba, kai ka ce ɗan jam'iyya ba ya musu. Wai cikin sunayen har da Malam Ilu na Maraɗi, wanda ya wanke gawar mahaifinka.

Akwai abin da na ɓoye maka. Kafil ɗina, wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar nan, ya rasu bara, 'ya'yansa ba su sabunta mini takardar zama ba. Wata bakwai ke nan ban leƙa kasuwa ba. Ba komai, na saba. Sai dai in mota ta tsaya a ƙofa, gabana yakan faɗi.

Ban san siyasa ba, Nababa. Ka je ka durƙusa wa Kawunka. In kuma dole sai ka rubuta, ka fara da sunana.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Habiba