Kakata Tana Taka Keken Ɗinki a Ɓoye

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Ina aji biyar na sakandare, kuma ni ba mai iya magana ba ce a gaban manya, shi ya sa na rubuto.

Kakata, mahaifiyar Baba, tela ce. Da kekenta na ƙafa ta ciyar da Baba da ƙannensa bayan rasuwar Kakanmu. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Da aka sallamo ta daga asibiti sai aka dawo da ita gidanmu, ɗakinmu ɗaya. Aka lulluɓe keken da tsohon zane a lungun falo, aka ɗora masa tukunyar fulawar roba. Baba ya kafa doka: kada a bar Kaka ta ɗaga ko da cokali. Ita kuwa tana tsokanarsa, wai ya mayar da ita kayan ado.

Wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar keke. Na leƙa, sai ga Kaka zaune tana takawa, babu zare, babu yadi, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Gabana ya faɗi, na zaci ruɗewar tsufa ce ta zo. Da ta gan ni sai ta yi dariya, ta kira ni sarkin tsoro. Ta ce ƙafar dama ce ke koya wa ta hagu aiki, kamar yadda ake koya wa sabuwar yarinya a shago. Ashe kullum idan gida ya watse sai ta dafa bango ta ja jiki zuwa falo. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Baba, don ya taɓa ganin ta miƙe ita kaɗai, ya yi ta faɗa har idonsa ya kawo ruwa.

Anti, yanzu ƙafar hagu tana taka keken ita kaɗai. Kaka tana zuwa banɗaki da sanda, ba mai riƙe ta. Ranar da rigar makarantata ta yage a hammata, ni na zura mata zare, ita ta ɗinke, layin ya miƙe sak. Na shiga aji ina jin kamar lambar yabo na ɗaura. Ban taɓa ganin mutum ya faɗi haka ya tashi ba, ni da jarrabawa ɗaya ke sa ni kuka.

Ga damuwata. Baba ya yi wa 'yar ƙanwarsa mai koyon ɗinki alkawarin keken, ƙarshen mako za a zo a ɗauka. Ya ce kada in gaya wa Kaka, don kada ranta ya ɓaci. Idan aka ɗauke keken nan, ina tsoron ƙafar za ta koma yadda take, ita ma Kakar haka. Amanar wa zan ci?

Jikar Tela

Amsa

'Yata, sai da na ajiye wasiƙarki na yi murmushi. Ki gaishe mini da Kakarki. Abin da kika gani ba ruɗewa ba ce. Mutumin da ya daɗe a duniya ya sha rasa abubuwa, ya kuma san yadda ake sake farawa da abin da ya rage. Kakarki ta yi haka lokacin da ta rasa miji, yanzu ma shi take yi da ƙafarta. Abin da irinsu suka fi buƙata shi ne a bar musu aikin da zai sa su tashi da safe.

Amma kada ki ga laifin Babanki. Shi ya ɗauke ta zuwa asibiti, tsoro ne ke sa shi kafa doka. Kuma tsoron yana da tushe: dattijuwa mai dafa bango a gidan da ba kowa tana iya faɗuwa. Ɓoyon nan ya isa haka.

Ki fara da Kaka, yau. Keken nata ne, ba daidai ba ne a kyautar da shi ba ta sani ba. Ki gaya mata cikin ladabi, ki roƙe ta ta nuna wa ɗanta da kanta. Sannan ki sanar da Babanki cewa kin faɗa mata, ki ba shi haƙuri. Idan baki ya yi miki nauyi, ki miƙa masa rigar makarantar, ki juya masa hammatar. Wanda ya girma cikin ɗinkin hannun nan ba zai kasa gane shi ba.

Bayan haka a kai ta likitanta ya duba, ya faɗi iyakar abin da za ta riƙa yi, a kuma tabbatar akwai mutum kusa idan za ta taka. 'Yar Gwaggonki kuwa, maimakon a kai mata keke, ta riƙa zuwa gidanku. Ta samu keke, ta samu malama.

Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, ya yi miki albarka. Ki sauke fulawar robar nan, ki naɗe zanen, ki zura mata zare kafin Baba ya dawo daga aiki. A bar shi ya ji ƙarar tun daga bakin ƙofa, yadda kika ji.